Rigar Rawaya a Lungun Bayan Kasuwa

Bututun ƙarfen ya sauka a kafaɗar jarumin, ƙarar ta kai har bakin titi. Duhu ya ja birki a bakin lungun da ke ɓullewa shagonsa, ledar batiran waya a hannunsa.

Rana tsaka ce. Ƙarti uku sun zagaye mutum ɗaya mai kayan jaruman fim: riga rawaya mai ƙyalli tun daga wuya har idon sawu, shuɗin mayafi a baya, kai da fuska a rufe ruf. Gefe guda wata mata na durƙushe, ta ƙanƙame jakarta mai tsinkakkiyar igiya, tana kurma ihu.

Duhu ya san zancen. Satin nan kaf 'yan fim ke yawo a unguwar da manyan motocinsu, ana cewa sabon fim ɗin jarumi suke ɗauka. Ga shi yau ya faɗo a kan aiki.

Ba a banza ake ce masa Duhu ba. Gyaran waya ne sana'arsa, amma musun fim ne abincinsa. A wurinsa, jarumin da bai sa baƙaƙen kaya ba, bai tofar da haƙori a kwata ba, wasan yara ne. Ya kori masu kawo gyara a kan wannan magana. Ya taɓa fasa wa abokinsa leɓe a kanta. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ita ce Auta, ƙanwarsa tela, wadda bakinta ya fi kekenta gudu.

"Yaya, jarumi fa don a hango shi daga nesa ake masa kaya," haka take ce masa. "Wanda ke cikin tsoro launi yake so ya gani, ba buhun gawayi ba."

"Jarumi ne ko mai tallan lemo?"

"Ba ka ga wanda aka ɗinka da kyau ba ne. Ranar da ka gani, da bakinka za ka janye."

"To, ki jira sai jaki ya yi ƙaho."

Jarumin ya miƙe yana tangaɗi. Ba shi da wani jiki, kuma faɗan nasa ba irin na masu tashi sama ba ne. Yakushi ne da cizo da gwara kai. Ya damƙi kunnen ɗaya daga cikin ƙartin ya murɗe har sai da ƙaton ya yi ƙara. Na biyun ya zagayo ta baya ya ɗirka masa bututun a gwiwa. Wani abu ya ce ƙas. Jarumin ya kife a cikin kwata, rawayar ta jiƙe da baƙin ruwa, ja yana tsattsafowa ta ƙarƙashin abin rufe fuskar.

Duhu ya gyara tsayuwa. Wannan shi ne fim! Ashe haka ake yi da rawaya, a tsoma ta cikin jini da taɓo. Ɗinkin ma an iya, duk wannan ja-in-ja ko zare bai saki ba. Ya zaro wayarsa ya fara ɗauka, yana murmushi. Yau Auta za ta ga yadda launinta ke zama abin kallo.

Mutane suka fara taruwa a bayansa. Mai walda na ƙarshen layi ya taho a guje da guduma, wani direba na biye da shi. Duhu ya ware hannuwa ya tare bakin lungun.

"Kai, ina za ku? Fim ake yi! Za ku ɓata wa mutane aiki!"

"Ina kyamarar?" in ji mai walda yana haki.

"Ɓoye ta ake yi yanzu. Ka waye mana!"

Kowa ya san Duhu a harkar fim. Direban ya ja da baya. Mai walda ya yi yunƙurin kutsawa, Duhu ya cakumi wuyan rigarsa ya maka shi da bango, gudumar ta faɗi.

"Jama'a ku taimaka, za su yi kisa!" matar ta sake ƙwalla ihu, muryarta ta dishe. Duhu ya jinjina kai. Wannan ta iya aikinta.

Jarumin ya ja jiki a kan gwiwar hannu, ya rungume ƙafar wanda ke fizgar jakar. Aka tattake masa yatsu. Ya ɗago kai ya dubi bakin lungun, ya miƙo hannu daidai inda Duhu yake tsaye, yana faɗar wata kalma da ƙyallen fuskar ya haɗiye. Duhu ya matso da hoton kusa don kada ta wuce shi.

Na ukun ya zaro wuƙa. Sau ɗaya ya soka, a ƙasan haƙarƙari. Suka fizge jakar, suka haye babur, suka ɓace ta ɗaya ƙarshen lungun.

Duhu ya tafa, shi kaɗai. Ya jira a ce a tsaya, ya jira masu ruwa da tawul su fito. Ba wanda ya fito. Jinin ya gangaro ta gefen kwata har ya taɓa takalminsa, ƙarninsa ya cika masa hanci.

"Ban ma san ko waye ba," matar ke faɗa. "Wucewa yake yi, ya ga sun tare ni."

Mai walda ya ture Duhu, ya durƙusa, ya zare abin rufe fuskar a hankali. Kitso ne ya fara bayyana, sannan fuskar Auta, wadda ta gama ɗinka kayan jarumin da safiyar nan, ta sanyo su zuwa shagon yayanta don ya gani da idonsa.