Hucaccen Shayi

Malam Kailani ya kurɓi shayin, ya dire kofin da ƙarfi.

"Ya huce."

Ba wanda ya ɗaga kai. Shekara goma sha huɗu ke nan yana faɗin haka kowace safiya a wurin Nagoda mai shayi, kuma bai taɓa barin ko ɗigo a kofi ba.

Tsohon tela ne, shi kaɗai yake zaune a ɗakin haya a Tudun Jukun. Kafin ya iso Tudun Wada da ƙafa sai ya wuce masu shayi shida, ba ya ko kallon teburansu. Idan an tambaye shi dalili, sai ya ce kayan ƙamshi. Gaskiya ce. Shayin Nagoda daban yake. Citta da kanumfari da masoro, da ɓawon lemo da aka shanya a inuwa. Ba inji ake kaiwa ba. Gidan Nagoda yana bayan wurin shayin, matarsa ce take dakawa duk ranar Alhamis, ta cika gwangwani. Ranar Alhamis Malam Kailani yakan riga kowa zuwa, ya zauna jikin bango. Ana jin taɓarya ta bayan bangon: bugu uku, a ɗan tsaya, bugu uku.

Polycarp mai sayar da kayan babur, wanda suke haɗa benci, yakan tsokane shi, ya ce Baba ne kaɗai shayinsa yake hucewa, na kowa har ƙona baki yake yi. Wannan ma gaskiya ce. Nagoda yakan fara zuba na tsohon, ya ajiye a gefen tebur, ya soya wa wannan ƙwai, ya yanka wa wancan burodi, sai tururi ya mutu sannan ya turo kofin. Malam Kailani ya ɗauka raini ne. Ya kuma san Nagoda yana da dalilin raina shi, don haka yake haɗiyewa tare da shayin.

Mutanen benci sun lura da wani abu. Malam Kailani yana gaida Nagoda da kwana, da gajiya, da kasuwa, amma bai taɓa ce masa ya iyali ba. Suka ce halinsa ne, mutum ne mai taurin rai.

Da tafiya ta yi tafiya, tebur ya zama shago. Aka sa tayil da kujerun roba da talabijin, ɗalibai suka sa masa suna kafe. Su ganyen shayi mai zare suke so, da taliyar leda. Babbar tukunyar dahuwa ta koma lungu. Malam Kailani ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya tambaya ko za a daina dafa na tukunya. Nagoda bai dube shi ba. Ya ce muddin gwangwani yana fitowa daga cikin gida, tukunya tana kan wuta.

Da damina ta faɗi, wata Alhamis ta zo ba a ji taɓarya ba. Ta gaba ma haka. Shayin ya fara salam. Malam Kailani yana kallon Nagoda yana karkata gwangwani, yana kankare gindinsa da cokali. Tambayar ta zo masa har baki, kalma biyu ce kawai, ya mayar da ita. Daga bakin Polycarp ya ji cewa matar tana asibiti, ƙafafunta sun kumbura, yaran gidan ma an kai su wurin dangi.

Wata ranar Talata ya tarar da shagon a rufe, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ya tsaya a bakin lungu har aka fito da makara. Ya bi sahun ƙarshe, ya yi salla, ya tafi bai gaisa da kowa ba.

Sai bayan addu'ar bakwai aka buɗe. Malam Kailani ya zo ya zauna jikin bango, bai san me ya kawo shi ba. Babu kowa sai su biyu. Nagoda ya zazzage ɗan garin kayan ƙamshin da ya rage a gwangwani cikin tukunya, ya jira ta tafasa, ya zuba, ya kawo kofin da hannunsa ya ajiye a gabansa yana tururi.

Tsohon ya kurɓa. Ya ƙona masa harshe. Ƙamshin ya hau masa kai yadda ya daɗe bai ji ba, har idonsa ya kawo ruwa.

"Na ƙarshe ke nan, Malam," in ji Nagoda. Ya kife gwangwanin a kan tebur, ya zauna. "Tun makon da ka fara zuwa na gaya mata. Na ce ko in kore ka. Ta ce a'a, in bar ka ka sha, ta san bakinka ba zai karɓi na wani ba. Amma ta sa na ɗaukar mata alkawari ɗaya: muddin tana numfashi, kada ka taɓa shan shi da zafi."

Malam Kailani ya zuba wa kofin ido. Tururin yana tashi yana ɓacewa, ya kasa sake ɗaukar kofin. Shekara goma sha shida da suka wuce, da wata safiya irin wannan, a gaban 'ya'yansu, ya yi wa matarsa Rakiya, wadda daga baya Nagoda ya aura, saki uku don ta kawo masa shayi ya huce.