Daga Lisbon Sai Shiru

"In ka isa Rome, kada ka sayi ruwan gora," in ji Haggai, yana tura wa Josiah farantin gurasar roti. "Famfo ko'ina a titi, ruwa da sanyi kamar na randa. A Paris kuwa, ka damƙe wayarka cikin jirgin ƙasa."

Josiah, ɗan cocinsu da zai tafi taro Turai, sai gyaɗa kai yake. Duk ɗan Nijeriyan da ke zaman ƙasar waje a unguwar Danau Kota ya san mai shirin Turai wajen Haggai yake fara zuwa, a wannan shagon abinci da ake kira mamak, inda kullum Haggai yake cin abinci shi kaɗai.

"Lisbon fa, Yaya?"

"Garin tudu ne fa. Kada ka kuskura ka sa takalmi mai tsini."

Josiah ya tuntsire da dariya. "Ni da takalmi mai tsini? To, Madrid fa? Can ne taronmu."

Haggai ya daɗe yana juya cokali a shayinsa.

"Ban san Madrid ba. Ni ƙafata ba ta taɓa taka Turai ba. Ni aka hana biza, matata Ƙauna kuwa aka ba ta. Na ce ta je, hutun 'yan kwanaki ne. Duk garin da ta sauka sai ta turo min saƙon murya. Su nake saurare har yau, shekaru ke nan."

Ya kife wayarsa a tebur.

"Daga Lisbon sai shiru. Madrid ne na gaba a tikitinta. In ka je, don Allah ka riƙa duban fuskoki."