Magini da Jiƙon Surukarsa

Mudi, tun da na ga gorar jiƙon nan a bayan ƙofar ɗakinka hankalina bai kwanta ba, ga shi ranar Talata za ka koma asibiti awon jini. Ban iya dogon bayani ba, amma ka saurari wannan misalin.

Wani magini ne aka same shi da hawan jini, aka ba shi ƙwaya yana sha kowace safiya. Da labari ya kai ga surukarsa, tsohuwa mai ƙaunarsa kamar ɗan cikinta, sai ta shiga dafa masa zoɓo mai kauri, ba sukari, ta daka tafarnuwa da ganyen zogale da wasu saiwoyi ta zuba, duk Juma'a ta aiko da jarka cike. To, wa zai mayar da hannun suruka baya? Ya riƙa kurɓar kofi biyu a kan ƙwayar, yana cewa ai magani biyu sun fi ɗaya. Ba a daɗe ba jiri ya fara ɗibarsa in ya miƙe daga tsugune. Ranar awo malamar asibiti ta dube shi ta ce, “Baba, ban da namu, akwai abin da kake sha? Jiri fa?” Ga layi cike da jama'a, har da matan unguwarsu. Ya ga in ya buɗe baki sai ya ambaci surukarsa a gaban mutane, kamar ya kawo ƙararta. Kuma yana tsoron a hana shi hawa tsani, alhali damina ta ƙarato, lokacin yaɓen soraye ke nan. Sai ya sunkuyar da kai ya ce babu komai.

Kwana tara bayan haka yana kan wani soro mai hawa biyu, tun safe bai sa komai a cikinsa ba sai ƙwayar da jiƙon. Rana ta take, hadari kuma yana haɗuwa daga gabas, kowa na sauri a gama kafin ruwa ya sauko. Ya daɗe a durƙushe yana gyaran bakin indararo, yana miƙewa sai duniya ta yi masa baƙi ƙirin. Ya tafi luu zai faɗo ƙasa. Allah ya sa hannunsa ya faɗa kan zanko, ƙahon nan na kusurwar soro, ya rungume shi, rabin jikinsa yana reto a waje. Yaɓen ɗanye ne, yana jin laka tana zamewa a ƙarƙashin yatsunsa. Yana jin abokin aikinsa yana hawowa tsani, yana kiran sunansa. Saura taki biyu a kama shi zankon ya gutsure. Tulin ƙasar da aka kwaɓa a ƙasa ne ya tare shi, ya tsira da rai, ƙugu ya karye. Da aka kai shi asibiti, abin da ya ɓoye a gaban mutum goma, sai ga shi ana faɗa a gaban dangi duka, tsohuwar tana tsaye da jarkarta a hannu tana hawaye. Likita ya ce ba wanda zai yi mata faɗa, da an san yana sha, da an duba abin da ke ciki an daidaita masa ƙwayar. Daminar nan a kan tabarma ya yi ta, ɗakinsa yana yoyo.

Ni ban ce ka zubar da gorarka ba, ban kuma tambayi wanda ya ba ka ba. Ka dai ɗauke ta ranar Talata ka ajiye a gaban mai awon, ka faɗi sau nawa kake sha. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.