Taya ta Huɗu

Tunda ka ce jinkirin nan ya ishe ka, bari in ba ka misalin wani tsohon direba da ya ajiye aiki. Ya gaji wata mota daga mahaifinsa, irin ta zamanin da, wadda birkinta ke ɓoye cikin kaskon ƙarfe a bayan kowace taya. Wata Talata saƙo ya zo cewa yayar mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah, a wani ƙauye bayan duwatsu. Mahaifiyar tasa ta ce sai ta ga 'yar'uwarta da idonta, kuma ba ta shiga kowace mota sai ta marigayi, don ta haya amai take sa ta. Motar kuwa ta shekara biyu a rumfa, har kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki. Mutumin ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ɗaga motar da jak, ya soma da taya ɗaya tak. Haka mahaifinsa ya koya masa: ba a warware ɓangare biyu lokaci guda, don in ka manta inda wani sifirin yake maƙalewa, sai ka leƙa ɗan'uwansa ya tuna maka. Ya wanke ƙura, ya kankare tsatsa, ya canza layinin birkin da ya cinye, ya juya kaskon da hannu yana kasa kunne. Kwana biyu ya gama uku. Ƙanensa, da ke ta safa da marwa, ya ce, "Yaya, uku sun isa haka. Mutuwa ba ta jiran bakanike." Maganar ta soke shi, don gaskiya ce, kuma yana jin shesshekar uwarsa daga ɗaki. Duk da haka ya buɗe ta huɗun, ta gaba ta hagu. Sai ga robar ciki ta tsage, man birki ya jiƙe layinin sharkaf, yana yauƙi kamar miyar kuɓewa. Gyaran wannan ya ci masa wani yinin.

Ranar Juma'a da hantsi suka kama gangaren dutse, ga rami a hannun dama da ba a son leƙawa. Suna shan kwana sai ga garken shanu ya cika hanya. Ya taka birki. Da a ce ta hagun nan ta zame, da ta dama kaɗai za ta kama, ta fizgi motar zuwa ramin. Sai huɗun suka kama tare, mota ta tsaya cak, wani sa yana hura numfashi a kan fitilarta. Tsohuwa na riƙe da ƙwaryar furar da za ta kai wa majinyaciya, ko ɗigo bai zube ba. Ƙanen ya leƙa ramin, ya dubi yayansa, sai salati. Ni har yau in na tuna tsigar jikina tashi take: 'yar robar da ba ta kai ƙwallon goruba ba ce ta tsaya tsakanin rai uku da lahira, kuma Allah Ya sa mutum ɗaya ya ƙi tsallake ta. Sun tarar da yayar da ranta. Ta gane ƙanwarta, ta kurɓi furar daga hannunta, washegari ta cika. Ka ji abin da ya sa Hausawa ke cewa, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.