Yadda Kifin Kasturi Suka Daina Firgita

Kullum da sanyin safiya Kasturi zai tsoma yatsa a tafkinsa ya lasa. In ya ji gishiri ya ƙaru, to ranar duk ƙauyen an shiga uku. Ya zagi teku, ya zagi rani, ya ɗauko tsohuwar garwa ya yi ta jibga, wai korar balbela yake. Daga nan ya tuɓe riga ya faɗa ruwa tsundum, yana bin karfasarsa ɗaya bayan ɗaya yana duba lafiyarsu.

Lafiyar kuwa babu. Tun da rani ya kankama ruwan teku ke kutsowa ta magudana, kamar yadda ya saba a nan gaɓar tsibirin Jawa. Kifi suka ƙi abinci, ko inuwar mutum suka gani sai su watse. Gari ba ya wayewa sai wasu sun juya ciki sama. Wansa kuma ya riga ya rantse, in na bana suka ƙare kamar na bara, tafkin gadon nan masu masana'anta zai sayar wa.

Ana nan sai ga malamin kifi na gwamnati a kan babur, da 'yar jarka ɗaure a baya.

"Baba, kifi ma yana da nasa hawan jinin," in ji shi. "Firgitaccen kifi ba ya iya fitar da gishiri daga jikinsa. Wannan man kifin teku ne. A riƙa cuɗa shi da abinci, yana kwantar da hankali."

"Kifi ya sha man kifi?" Kasturi ya daka masa tsawa. "Kai yaro, cin naman ɗan'uwa ake koya muku a makarantar?"

Matarsa Sumirah tana bakin ƙofa tana niƙa barkono. Ita ce mai kwaɓa abincin kifin a bayan madafa tun aurensu, kuma tun aurensu kunnenta bai huta ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Cokali nawa, ɗana?"

"Biyu, Inna. Safe da yamma."

Ta ɗauki jarkar ta shige.

Washegari Kasturi ya makara, abin da bai taɓa yi ba. Ya ɗora wa gajiya laifi. Ba a jima ba sai ga ikon Allah. Kifi suka fara tasowa suna cin abinci a natse kamar baƙin biki. Gishiri na nan, har ƙaruwa ya yi, amma mutuwa ta tsaya cak.

To mutum ya samu kwanciyar hankali, me ya rage? Ya ɗaura ragar lilo tsakanin bishiyun kwakwa, ya riƙa sharar barci har hantsi. Garwar nan kaza ta samu wurin ƙwai. Ya yi kumatu, goshi na ƙyalli. Har yabon girki ya koya, yana cewa miyar barkonon bana ta fi ta kullum maiƙo. Magen unguwa kaf suka koma binsa, a masallaci kuma aka fara bar masa fili dama da hagu a sahu. Shi kuwa ya ce ƙarnin arziki ne, mahassada ba sa iya shaƙa.

Wan nasa ya zo da mutumin masana'anta, ya tarar tafki na tafasa da kifi. Ya sallami baƙon, ya tafi gida da kwando cike, bai sake tayar da zancen ba.

Wanda abin ya tsaya wa a wuya maƙwabcinsu ne, Ngadiman. Shi ma ya karɓi irin jarkar, ya cuɗa yadda aka ce. Nasa sun ɗan farfaɗo, amma ko kusa da na Kasturi ba su kai ba. Ya zo ya same shi a lilo, mage biyu a kan tumbinsa.

"Kai sarkin barci, wane bokan ka samu?"

"Ilimi ne, ɗan'uwa," in ji Kasturi, ido a rufe, ya saki gyatsa. "Ba kowane kai ke ɗauka ba."

Ngadiman ya toshe hanci ya zagaya madafa.

"Yaya Sumirah, don girman Allah, yaya kike cuɗa wa kifin nan man?"

Ta leƙa ta tabbatar minshari ya kankama.

"Kifi? Su ai tun ranar da aka daina yi musu ihu da kiɗan garwa suka warke," ta ce, ta ɗebo cokali biyu daga jarkar, ta juye a miyar maigida.