Jinin Dodon Kogo

Karo na huɗu ke nan malamin lissafi yana tara lambobin nan a bayan takardar jarrabawar ɗalibansa, kuma kowane karo amsa daban take fitowa.

Su goma ne a ƙungiyar wasan da suke bugawa a waya, kowa da aikinsa. Nasa shi ne faɗin yawan jinin abokin gaba, don wasan ba ya nunawa, sai dai ɓarnar kowace sara. Shekara biyu bai taɓa kuskure ba, har Kwamfuta suke ce masa. Sai ga sabon abokin gaba, Dodon Kogo. Yau ya tara ya samu dubu casa'in, gobe dubu casa'in da tara. Sau uku yana cewa a saki babban makami, dodo ya yi gurnani ya shafe su duka.

Ana haka wani sabon shiga ya turo lamba: 72. Can ya ƙara: 3.

Ko suna bai sa wa kansa ba, Baƙo 41 ɗin da wasa ya laƙaba masa ya bari. Ba ya gaisuwa, ba ya rubuta ko kalma ɗaya. Malam ya ce girman kai ne. Amma shugaban ƙungiya ya gane nufinsa: jinin dubu saba'in da biyu ne, kuma duk gurnani dodon yana mayar wa kansa da dubu uku. Nan fa aka shiga yabon Baƙo, har da masu cewa an samu sabuwar kwamfuta. Malam ya karanta, ya ce dace ne kawai. Ya binciki Baƙo ciki da waje, bai samu komai ba sai cewa da rana kawai yake shiga.

Shugaba ya yanke hukunci: ranar Asabar kowa ya faɗi lokacin sakin makami. Wanda ya dace, kujerar lissafi tasa ce.

Asabar kuwa ranar da Malam ke gaida mahaifiyarsa ce. Tun rasuwar mahaifinsa ita ke riƙe da rumfar hatsi, ba ta yi boko ba, amma ba a taɓa cutarta a awo ba. Ya same ta da faranti a cinya da kwano a gefe.

"Umma, har yanzu ba a gama tsintar waken nan ba?"

"Ashe kana gani? Na ɗauka idanun a waya ka bar su."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ja kujera zuwa tsakar gida. Ita kuma ta kwashi kayanta ta shige ɗaki.

Aka fara. Yana rubutu, gumi na ɗiga a takarda. Duk gurnanin da dodo ya yi sai ya ji kamar ya amsa sau biyu, ya ce amsa-kuwwar bango ce. Da ya kai inda lissafinsa ya nuna, ya rubuta a saki. Baƙo ya turo: 9. Shugaba ya jira. Sara tara daidai, Baƙo ya turo: 0. Aka saki makami, dodo ya kife.

Malam ya kife wayarsa shi ma. Ya miƙe ya nufi ɗaki don yin sallama, yana rantsuwa sai ya tona asirin wannan ɗan rainin wayo.

Ya ɗaga labule. Farantin babu ko ƙwayar wake, duk sun koma kwano, kamar yadda jinin dodo ya ƙare. A jingine da kwanon, tsohuwar wayarsa da ya ba ta bara tana nuna gawar dodo da sunan Baƙo 41.

"Mai digiri, wanda yake ba ka da dama yana janyewa da hagu, ai ba tarawa kawai ake yi masa ba," in ji Umma, tana rufe kwano. "Hira ce ka hana ni, shi ya sa na biyo ka inda kake."