Mai Furanni da Idon Mahaifiyarsa

Hansatu, tun da kin ce sana'ar ƙawata wurin biki za ki kama, ajiye wayar nan in ba ki wani misali. Na ga hotunan da kike ta nuna mana, ko wurin soka allura ba ki bari ba.

An yi wani mai lambun furanni a Jos, mutum mai sakin hannu, irin wanda in ya auna maka mudu sai ya yi tozo, ya kuma bi ka da gyara. Cikin masu sayayya a wurinsa akwai wata dattijuwa 'yar ƙasar Japan, wadda ke zaune a garin tare da ɗanta injiniya. Ita kullum ta zo, kara biyu ko uku take zaɓa, sai wani karkataccen reshe da shi kansa ya ware don hura wuta. Ya cusa mata gyara, ta yi godiya ta mayar. Ran da ya kai mata taki gida ya ga inda take kai su: wani faffaɗan kasko, reshen ya tashi ya karkata gefe guda, fure ɗaya a gindinsa, sauran wurin wayam. Ta ce masa a ƙasarsu jera fure ilimi ne da ake zama gaban malami a koya, kuma filin da aka bari shi ma cikin adon yake, don ta nan ido ke bi ya isa ga furen. Ya ce to madalla. Ya fito yana dariya, yana faɗa a ransa rowa ce kawai aka sa wa kwalli.

Ana nan sai 'yarsa ta sauke Alƙur'ani. Zo ki ga murna wurin bawan Allahn nan! Yarinyar sunan mahaifiyarsa ta ci, ita kuwa tsohuwar ciwon ido ya ci ƙarfinta, an yi magani ya ƙi, launi kawai take gani da inuwar mutum, kuma kullum abin gaba yake yi. Addu'arta ke nan dare da rana, Allah ya nuna mata takwararta riƙe da allo kafin duhu ya gama rufe ta. Mutumin ya ce ai kuwa za ta ga walimar da unguwa ba ta taɓa gani ba. Ya aske lambun nan tas. Baro na shiga, baro na fita, ja da ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ya lulluɓe bangon tsakar gida tun daga ƙasa har indararo. Ƙamshi ya kai bakin titi, maƙwabta na leƙe ta katanga, shi kuma sai kai da kawowa yake yana washe baki, duk inda ya hango ɗan farin bango sai ya ruga ya toshe.

Aka fito da yarinya cikin jan leshi da mayafi ruwan ɗorawa, aka zaunar da ita a gindin bangon. Aka riƙo hannun tsohuwa aka kawo ta sahun gaba. Ta ƙura ido, ta duba dama, ta duba hagu.

Ta ce, "Ina takwarar tawa? Ba ta fito ba ne?"

Ɗanta ya ce, "Ga ta nan gabanki, Inna."

"Ni dai ja nake gani birjik, ɗan nan. Ban ga mutum ba."

Ta sa bakin mayafi tana share hawaye. Malam kuwa ya riga ya gyara murya zai fara biya wa yarinya, da an shafa fatiha taro ya watse, kuma ba a sauka sau biyu. Mutumin ya dubi bangon, ya dubi jan leshin 'yarsa. Sai kaskon dattijuwar nan ya faɗo masa a rai. Ya ce wa malam don Allah a dakata, ya tuɓe babbar riga ya jefar, ya auka wa bangon da hannu bibbiyu. Yana yayo furanni runguma-runguma yana tura wa mata, yana cewa, "Ku karɓa, ku kai gida, na ba ku!" Matarsa ta saki salati, ta ɗauka kansa ya taɓu. Yara suka shiga wawaso, manya na cewa a riƙe shi, shi ko waiwaye bai yi ba, sai da bango ya fito fari fes. Reshe ɗaya kaɗai ya bari, wanda ya sunkuyo ta saman kafaɗar yarinyar.

Tsohuwa ta miƙa wuya. Ja ɗaya tal a tsakiyar fari. Ta dafa gwiwa ta miƙe tsaye ba wanda ya taimaka mata, tana nunawa da yatsa.

"Ga ta can! Wallahi ga ta can, har allon na gani!"

Ta rangaɗa guɗar da aka yi shekaru ba a ji daga bakinta ba, mata suka amsa, gida ya ɗauka. Shi kuwa yana tsaye daga shi sai 'yar ciki, hannuwa duk ƙaya ta yage, yana dariya hawaye na zuba.

To kin ji, Hansatu. Duk wurin da aka ba ki, fara tambayar wa aka zo gani, ki bar wa ido hanya ya kai gare shi, sauran kayan ki mayar cikin buhu ko ranki bai so ba. Hausawa sun riga sun gama magana: kada garin neman gira a rasa ido.